Tumbi shaidar arzikin ƙasa ne? Gardamar da ta kaure a zauren danginmu

Kawu ya dawo daga Umara ana saura sati uku bikin ƙanwarmu, ya jefo magana ɗaya a zauren dangi, aka wuni ana kanta. Ga yadda ta gudana. Gaisuwa da barka da sauka kawai na rage, don sun yi yawa.

Kawu na Kara: Assalamu alaikum jama'a. Mun sauka lahiya, alhamdu lillahi. Abu guda nig gani can wanda yat tsaya mini ga rai. Larabawan nan sun ƙoshi. Ka shiga kanti ka ga namiji awa an ɗaure buhun gero biyu, mace hakanan, yaro ɗan shekara goma hakanan. Nic ce ma abokin tahiyata, in kana son sanin arzikin ƙasa kada ka tambayi banki, dubi tumbin mutanenta. Ƙasar da ta ƙoshi ita ad da masu ƙiba, wadda ka hwama da yunwa ita ad da ramammu. Masu hwaɗa muna ga rediyo wai ƙiba cuta ta, su bari sai mun ƙoshi tukuna. Allah shi kawo muna irin wagga cuta Sakkwato.

Goggo ta Mabera: Amin Alhaji, Allah shi karɓi ibada. Ka hwaɗi abin da ke raina. Ku dubi amaryar nan, awa sillen kara. A kai ta gidan mutane haka su ce ba mu ba ta abinci. Na ce a ba ni ita kwana ashirin, hura da nono da madara safe da yamma, ku ga aiki.

Auta: Kawu barka da sauka, Allah ya ƙara girma. Ina da tambaya. Hilux ɗin da kake hawa zuwa Achida, a wace ƙasa aka san kamfaninta? Japan ce. Tana cikin ƙasashe biyar mafi ƙarfin arziki a duniya, amma manyan da ke da ƙiba a can wajen mutum 5 ne cikin 100. Amurka kuma wajen 40 cikin 100. Su biyun duk sun ƙoshi. Idan tumbi ne ma'aunin arziki, to Japan ta fi Najeriya talauci ke nan, don mu wajen mutum ɗaya cikin goma ne.

Kawu na Kara: Auta, boko ya sa ka iya magana. Mutanen Japan ƙanana na tun asali. Ka taɓa ganin Ɗankasa ya yi girman Balami? Jinsi na.

Yaya Nas: Kawu sannu da hanya. Kafin a yi nisa a daidaita abin da ake kira ƙiba, don ba da ido ake yankewa ba. Ana ɗaukar nauyin mutum da kilo, a raba da tsawonsa da mita sau tsawonsa. Mai kilo 95 da tsawon mita 1.70, lissafinsa ya kusa 33. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba. Tsawo yana cikin lissafin, saboda haka gajartar mutanen Japan ba ita ta fitar da su ba. Da wannan ma'aunin hukumar ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Jinsin mutane bai canja a shekara 30 ba, Kawu. Wani abu ne ya canja.

Ɗan Illela: To ga likitar gida ta buɗe asibiti. Ke da ko azumi ba ya rage ki, ke ce za ki yi wa Alhaji wa'azin ƙiba?

Yaya Nas: Kai da kujerar mota ta lotsa saboda kai, yi shiru manya na magana. Zan zo kanka.

Inna ta Jidda: Yaya Alhaji, ni da na shekara goma sha a garin nan bari in faɗa maka abin da ba ka gani a kwana goma sha huɗu ba. Gaskiya ne mutane sun yi jiki. Amma maƙwabtana babu gidan da ba a ajiye allurar ciwon suga a firji ba. Tsofaffinsu suna ba da labari cewa kakanninsu dabino da nonon raƙumi suke ci, suna tafiya a ƙasa, busassu kamar Buzayen da ke zuwa mana Sakkwato. Yanzu daga ɗaki mai sanyi sai mota mai sanyi sai kanti mai sanyi. Kabsa da daddare, lemo a kan kowace ledar cin abinci, kaza soyayya a kawo maka har ƙofa ƙarfe biyun dare. Ni kaina na zo da zane ɗaya yana zagaye ni sau biyu, yau ina shan maganin hawan jini.

Kawu na Kara: To ai kin tabbatar da zancena, ƙanwata. Da suna talauci busassu na, da mai yaz zo sunka cika. Mi ya rage?

Auta: Nan kam Kawu yana da rabin gaskiya, ba zan ƙi ba. Saudiyya da Kuwaiti da Katar duk suna wajen 40 cikin 100 ko sama. Ƙasashen da ke can ƙasan jeri kuma akwai Habasha da Biyetnam, ba su kai 5 ba. Nijar ma ba ta kai 10 ba. Mutumin da bai samu abin kai wa baka ba ba zai yi teɓa ba, wannan ba sai an je makaranta ba. Amma Kawu, wa ke saman jerin? Ba Amurka ba ce, ba Saudiyya ba ce. Wasu ƙananan tsibirai ne a tekun Fasifik: Tonga, Nauru, Samowa, Tubalu. A wasunsu fiye da 60 cikin 100 na manya, matan Tonga ma wajen 80. Kuma ba masu kuɗi ba ne. Tonga ta dogara sosai da kuɗin da 'ya'yanta ke aikowa daga ƙasashen waje.

Goggo ta Mabera: Tamanin cikin ɗari? To su wa ka ɗaukar wani in ya hwaɗi?

Yaya Nas: Goggo labarin Nauru ma ya fi ban tausayi. Tsibiri ne da bai wuce murabba'in kilomita 21 ba, mutanensa wajen 12,000. Da kifi da kwakwa suke rayuwa. Sai aka gano fosfet, ma'adinin da ake takin zamani da shi, aka yi ta haƙa har aka cinye mafi yawan ƙasar. Bayan sun samu 'yanci a 1968 kuɗi ya zubo musu, a shekarun 1970 ana lissafa su cikin waɗanda suka fi kowa samu a duniya. Suka bar kamun kifi, jirgin ruwa yana kawo shinkafa da sukari da naman gwangwani. Fosfet ya ƙare, kuɗi ya ƙare, ƙasar noma babu. Ƙibar ba ta tafi da kuɗin ba. Ta zauna, ita da ciwon suga, domin abincin gwangwanin nan shi ne ya rage mai araha. Kawu, in tumbi shaidar arziki ne, me ya sa shaidar ta tsaya bayan arzikin ya gudu?

Auta: In ƙara a kan na Yaya. Irin naman da ake kai wa tsibiran nan shi ne wanda masu shi ba sa so: jelar talotalo daga Amurka, wadda kusan duk kitse ce, da tantanin haƙarƙarin rago daga Niyu Zilan da Ostareliya. Samowa ta hana shigo da jelar talotalo a 2007. Da ta zo shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2012, janye hanin yana cikin abin da ta amince da shi. Ga kuma Masar nan kusa, wadda samun mutum ɗaya a cikinta bai kama ƙafar na Japan ba, amma fiye da 40 cikin 100 na manyanta suna da ƙiba. Gwamnati na tallafa wa burodi da sukari da mai, su ne talaka ke iya saye ya cika ciki.

Kawu na Kara: Kun taru kaina ku biyu. To ni dai na san dabba, shekara talatin ina Kara. Akwai ragon da ko mi ka ba shi ba ya ɗaukar jiki, akwai wanda ko ƙaiƙayi yac ci sai ya cika. Mutanen tsibirin nan ku bincika, jininsu na.

Yaya Nas: An bincika, Kawu, kuma ba ka faɗi ƙasa ba. A 2016 masu bincike sun samu wani ƙwayar gado a jikin Samowawa da yawa wanda ke sa jiki saurin tara nauyi. Amma tunda ka kawo rago, bari in tambaye ka a fagenka. Ka sayi Balami biyu uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaya ka ba Bafulatani ya bi garke da shi har Gundumi, ɗaya ka turke shi a gida kana zuba masa dusa da kowa da harawa wata huɗu. Ranar jajibirin layya wanne za ka sa wa kuɗi?

Kawu na Kara: Na turke mana. Wanga ai ba tambaya ba ta.

Yaya Nas: To jininsu ɗaya. Turke da dusa ne suka raba su. An ga irin wannan a mutane. Akwai wata ƙabila, Pima, wasu suna jihar Arizona ta Amurka, 'yan'uwansu suna kan duwatsun Meziko suna noma da hannu. Asali ɗaya. Na Arizona ƙiba ta yi musu yawa, ciwon suga a cikinsu ya ninka na 'yan'uwansu fiye da sau biyar. Abin da nake cewa, ƙasashe sun bambanta ne a irin turken da suka kafa wa mutanensu da irin dusar da ta fi araha a kasuwarsu. Kuɗi yana iya sayen turke, amma ba dole ba ne.

Ɗan Illela: Wato yanzu Alhaji ragon layya ne. Baba ka ji abin da ɗiyar ƙanwarka ta ce.

Yaya Nas: Kai ne ragon, kai da ke zaune a sitiyari daga Illela zuwa Sakkwato sau biyu a yini, kowace tasha Indomie uku da ƙwai huɗu da lemo mai sanyi. Kawu aƙalla yana zagaya Kara da ƙafa.

Ɗan Illela: To me zan ci a hanya? Ki faɗa mini. Nama ya fi ƙarfin aljihu, kifi haka. Abin da ɗari biyar za ta saya ya riƙe ni shi nake ci. Kuma a zafin watan Afrilu, rana ta wuce digiri 40, ki ce in sha ruwan randa in bar mai sanyi?

Auta: Yaya Ɗan Illela, ka kawo hujja a kan Kawu ba ka sani ba. Abin da ke faruwa a Amurka ke nan. A can jihohin da suka fi ƙiba irin su Misisipi da Bajiniya ta Yamma suna cikin waɗanda suka fi talauci. Mai kuɗi shi ke sayen ganye da kifi, yana da lokacin motsa jiki. Talaka shi ke cin soyayye mai araha. A ƙasashe irin namu abin a juye yake tukuna, Alhaji da Hajiya su ne masu jiki. Amma da ƙasa ta ɗan samu, sai ƙibar ta gangaro wurin talaka. Meziko ta bi ta nan, Afirka ta Kudu ma haka.

Baffa Malam: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Alhaji, addu'ar da ka yi a farko ina roƙon ka janye ta, ba a roƙon cuta ko da wasa. A roƙi wadata da lafiya. Allah ya ce a cikin Suratul A'araf ku ci ku sha kada ku yi ɓarna. Kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito sananne ne, ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, in ba makawa to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Amma ku ma yara ina da gyara gare ku. Ku yi hattara kada wannan lissafi ya zama abin yi wa mutane dariya. Akwai wanda cinsa kaɗan ne jikinsa ne haka, akwai wanda magani ya kumbura shi. Izgili haramun ne ko da alƙaluma aka yi shi.

Kawu na Kara: Na janye, Malam, Allah shi gafarta muna. Amma ban janye zancen ba dut. Ku je asibitin yara ku gani. Ku tahi ƙauyukan gabas inda mutane sunka baro gonakinsu saboda ɓarayin daji. Tamowa ka kashe ɗiyanmu, ba teɓa ba. Wanga zance na ƙiba na mutanen Legas da Abuja na.

Yaya Nas: Wannan ita ce maganar da ta fi nauyi a duk abin da ka faɗa, Kawu, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Ba wanda zai ce yunwa ba ita ce babbar matsalarmu ba. Amma shi wannan binciken ya nuna a matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49, 12 cikin 100 ne ramammu, 28 kuma nauyinsu ya wuce kima. Kuma abubuwan biyu ba abokan gaba ba ne, ɗaya yana share wa ɗaya hanya. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, hunturun 1944 zuwa 1945, an yi yunwa mai tsanani a Holan. An bi yaran da ke ciki a lokacin har girmansu, aka ga ƙiba da ciwon suga da ciwon zuciya sun fi kama su. Jikin da ya fara rayuwa da yunwa yana koyon ɓoye duk abin da ya samu. Yaron da ya tsumbure a ƙauye, ya shigo birni yana da shekara ashirin, ya hau kabu-kabu, abincinsa burodi da shayi mai sukari da taliya, shi ne wanda nake gani a layin masu ciwon suga yana da shekara arba'in. Ina ganin gida ɗaya, uwa ta kai kilo 90, goyonta ana ba shi madarar tamowa. Ba a Legas ba, a nan.

Inna ta Jidda: Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ni abin da ke ba ni mamaki, me ya sa ya fi kama mu mata? A nan ma haka ne.

Auta: Ba ko'ina ba, Inna. A Japan maza ne suka fi. Amma a Afirka da ƙasashen Larabawa mata ne da nisa. Afirka ta Kudu a binciken 2016, mata 41 cikin 100, maza 11.

Goggo ta Mabera: Ba sai an tahi Afirka ta Kudu ba, ni in hwaɗa muku. Da munka taso, kahin rana ta hito mun yi surhe, mun yi daka, mun ja guga rijiya gaba ashirin. Uwayenmu sun sha hura da ta hi wadda mu ka sha, ba su yi teɓa ba. Yanzu inji ka niƙa, mai kura ka kawo ruwa, yarinya na kwance da waya. Sannan haihuwa bakwai, kowace da jego, kunun kanwa da gasasshen nama kwana arba'in, ba a sauke na wanga ba an ɗau na wancan. Kuma ku maza ku ka ce in ba ta yi jiki ba miji bai iya kiwo ba. Kada Alhaji shi ce ba haka na ba.

Baffa Malam: Yaya ta Mabera, kin yi gaskiya. Kuma babu inda addini ya ce zaman gida shi ne zaman turke. Abu Dawuda ya ruwaito Nana A'isha ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta tsere masa. Bayan ta yi jiki suka sake, ya tsere mata, ya ce wannan a madadin waccan. Mu yau wa ke yarda matarsa ta zagaya tsakar gida sau ashirin ba a ce ta samu taɓin hankali ba?

Yaya Nas: Goggo tunda ke kika buɗe, bari in roƙe ki a kan amarya. Fura da nono ban hana ba, abinci ne na gaske, a dai sassauta sukari. Abin da nake tsoro shi ne ƙwayoyin nan da ƙawaye ke kawo wa amare, waɗanda ake kira sha ka fashe. Yawancinsu deksametason ne da wani maganin mura mai buɗe ciki. Fuska ta yi fam kamar an hura, ciki ya fito, ƙafafu su tsuke, mutane su ce ta yi kyau. Ba lafiya ba ce, ruwa ne da kitse. Yana tada suga, yana tada hawan jini, yana cinye ƙashi, kuma wadda ta daɗe a kansa in ta yanke rana ɗaya tana iya faɗuwa. A Muritaniya akwai al'adar ɗura wa 'yan mata nonon raƙumi da dambun gero don su cika kafin aure, har hukumomin can suna yaƙi da ita. Mu namu ɗuren ya koma na kemis.

Goggo ta Mabera: Ni ban taɓa ba ɗiyar kowa ƙwaya ba, Allah na gani. Amma na san gidan da anka yi, yarinyar har yau ba ta koma daidai ba. Zan sa ido ga ƙawayenta.

Ɗan Illela: Ni ma'aunin nan naku ne ban yarda da shi ba. Ɗan kokawar da ke ka da maza a filin wasa, ku ɗora shi a sikeli, lissafinku zai ce mai ƙiba ne. Jikinsa kuwa kamar dutse.

Yaya Nas: Yau ka yi magana mai ma'ana, a rubuta ranar. Lissafin ba ya bambanta tsoka da kitse. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam ne ya fito da shi a shekarun 1830, a kan Turawa, don auna jama'a ba mutum ɗaya ba. Kuma yana ɓoye wasu. Indiya tana ƙasa a jerin ƙiba, amma masu ciwon suga a can sun haura miliyan 100, domin kitsen yana taruwa musu a ciki tun nauyi bai yi yawa ba. Haka abin yake a Japan ma, shi ya sa ta sauke nata layin na ƙiba daga 30 zuwa 25. Tun 2008 ma suna da doka, duk mai shekara 40 zuwa 74 ana auna ƙugunsa a duba lafiya na shekara, namiji santimita 85, mace 90, wanda ya wuce a tura shi wurin masu ba da shawara. Ga tafiyar ƙasa zuwa tashar jirgi kullum, ga abincin makaranta da ake dafa wa yara da tsari, ga ƙananan kwanuka. Ramarsu ba daga sama ta faɗo ba. In kana son gwaji mai sauƙi, ari tef ɗin tela: ƙugunka, daidai cibiya, kada ya wuce rabin tsawonka. Kai kuma ba ɗan kokawa ba ne, kada ka fake a nan.

Auta: Wasu ƙasashen ta haraji suka bi. Meziko ta sa peso ɗaya a kan kowace litar lemo a 2014, Ingila ta kawo nata a 2018, Chile tana manna baƙin tambari a jikin kayan da sukari ko gishiri ya yi wa yawa tun 2016. Mu ma dokar kuɗi ta 2021 ta sa naira 10 a lita. Naira 10, Kawu, ko alawa ba ta saye yanzu.

Kawu na Kara: Kada ku ba gwamnati shawara ta ƙara muna haraji, wanda ad akwai ya isa. Ku bar ni da lemona. Kiret arba'in nic ce za ni kawo wurin biki, kuma ban hwasa ba.

Yaya Nas: Kwalba ɗaya ta santilita 50 tana iya ɗaukar sukari wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Wannan shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda, a haɗe da na shayinsa da na kununsa. A cikin masu zuwa bikin nan na san mutum shida a danginmu da ke kan maganin suga. A yi kiret ashirin, sauran a yi zoɓo da kunun aya da ruwa mai sanyi.

Goggo ta Mabera: Zoɓon da ba sukari wa ka shan shi? Wanda ni ka yi, in ba a zuba gwangwani huɗu ba sai a ce rowa ta. Ke dai kina son a yi da mu ga gari. Arba'in ɗin nan a bar su, ni za ni tsare masu suga da kaina.

Inna ta Jidda: Goggo ke da za ki kasance a ɗakin amarya, yaushe za ki ga abin da Yaya Alhaji ke sha a rumfar maza?

Ɗan Illela: Jama'a labari da ɗumi-ɗuminsa. Tela ya zo gwada wa Alhaji kayan biki, na ce ya sa tef daidai cibiya. Inci 43. Tsawo inci 67. Auta yi mana lissafi.

Auta: Rabin 67 shi ne 33 da rabi. Ni dai ban ce komai ba, Kawu.

Kawu na Kara: Ƙarya shi kai, bisa riga anka auna, kuma yanzu nit tashi daga tuwo. Tela shi dawo gobe da sahe kahin in karya. Kiret talatin, daga nan ba ni sauka. Ɗiyata, in kin taso aiki ki biyo da abin awon jinin nan naki, ba don zancenku ba, kaina ka ɗan sara tun Madina.